Ajin da Umma Ta Buɗe a Tsohon Sito

Ummanmu malamar firamare ce, kuma mafi yawan shekarun aikinta a aji uku ta yi su. An san ta da haƙuri da yaran da karatu ke yi wa wuya. Idan yaro ya gagari kowa, wajenta ake turo shi, ta zaunar da shi kusa da teburinta har bakinsa ya buɗe. Shi ya sa kowa ya yi mamaki da hedimasta ya kira ta ofis ya ce ita za ta riƙe sabon ajin yara masu hazaƙa, wanda aka ce kowace makaranta ta buɗe bayan an tashi, ranar Laraba.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni fa tun da nake ban taɓa zuwa ta ɗaya ba. Ta tsakiya ce ni, mai bin ayari."

"Malama, sauran duk sun zille," ya ce. "Wannan ya ce yana da ciwon baya, wancan ya ce gidansa da nisa. Ke kaɗai ce ba ki iya ƙarya ba."

Haka aka ba ta tsohon sito na bayan ofis. Ɗaki ne mai taga ɗaya, cike da karyayyun bencina da warin jemage. Abbanmu kafinta ne, shi ya je ya ɗaure bencinan da za su ɗauru, ya haɗa mata dogon teburi da ƙyauren wata tsohuwar ƙofa.

A lokacin ina aji huɗu a makarantar. Aka yi mana jarrabawar tantancewa, aka kafe sunaye, babu nawa. Wata abokiyar aikin Umma ta ja ta gefe ta ce, "Haba Malama, 'yarki ce fa. Ki saka ta kawai, wa zai tanka?" Umma ta yi mata godiya, ba ta saka ni ba.

A hanyar gida na yi gaba abina, tana bina a baya. Sai da muka kusa kwanar layinmu ta ce, "Auta, sun fi ki saurin kamawa, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Ni ma haka aka fi ni." Na so ta ce an yi kuskure wajen maki, amma ba ta ce ba. Da Abba ya ji labari sai ya yi dariya ya ce, "Ai na faɗa, ƙwaƙwalwar dangin uwa kika ɗauko." Umma ta wurga masa murfin kwano, ni kuwa na shige ɗaki na sha kukana.

Tun da tare muke komawa gida, dole duk Laraba in zauna a barandar siton in jira ta. Daga nan nake jin komai.

Da farko lissafin aji shida ta riƙa ba su. Kafin ta juyo daga allo sun gama, sun fara tsokanar juna. Akwai wani da ake kira Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa, shi ne ya fara gyara mata kuskure a gaban kowa. Sannan ga tambayoyi. Me ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa alhali ita ma ruwa ce? Tururuwa tana barci? Umma ta dawo gida jiki a sanyaye, ta ce wa Abba, "Malam, yaran nan sun fi ƙarfina. Yau sai da na ce ban sani ba har na gaji da faɗa."

"To da kika ce ba ki sani ba, me suka yi?"

Ta ce, "Gardama suka kama yi da junansu."

"Ai kin samu masu yi miki aiki ke nan," in ji shi, ya ci gaba da cin abincinsa.

Wasa yake yi, amma maganar ta zauna mata. Ta daina ba su aikin da amsarsa ke bayan littafi. Ta sa suka shuka wake a gwangwanaye, wani a taga, wani cikin kabad mai duhu, suna duba bambanci. Suka tace ruwan kwata da yashi da gawayi da tsumma. Suka fara jaridar bango, Rediyo ne edita. Gidanmu ya koma juji: kwali, marafan kwalba, tsinken tsintsiya, ba abin da Umma ke bari a zubar. Yara suka laƙaba mata Malama Kwali, ta ji, ba ta hana ba.

Cikin yaran akwai wata siririya mai gilashi, ana ce mata Tabarau. Tun da ta shiga makaranta ba ta taɓa faɗuwa ko tambaya ɗaya ba. Ranar da Umma ta ce kowa ya gina gada da kwali da tsinke, wadda za ta ɗauki bulo, Tabarau ta zana tata da rula, tsaf, kamar a littafi. Aka ɗora bulo, gadar ta lanƙwashe ta zube. Ta Rediyo, mai kama da sheƙar tsuntsu, ta tsaya. Yara suka kwashe da dariya. Ni da ke waje sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na leƙa ta taga, na ga Tabarau ta shige ƙarƙashin teburi ta rufe kunnuwanta da hannu. Umma ta durƙusa tana lallashi, yarinya ta ƙi fitowa har yayanta ya zo ɗaukar ta.

Washegari mahaifinta ya zo. Mai kantin magani ne, mutum mai sanyin magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, ban zo faɗa ba. Jiya yarinyar nan ko abinci ba ta ci ba. Dama duk jarrabawa sai ta yi ciwon ciki. Na ɗauka ajin nan zai sa ta saki jiki, sai ga shi ya ƙara mata. Ki yi haƙuri, zan cire ta."

Umma ba ta yi musu ba. Ta ce, "Kana da gaskiya, Yallaɓai. Na yi gaggawa."

Abin ya daɗe yana cin ta. Ta ce wa Abba ita da ta saba da faɗuwa tun tana ƙarama, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai yaron da bai san yadda ake yin ta ba. Daga nan ta canja tsari. Duk sabon aiki ita ke fara gwadawa a gabansu, kuma sau da yawa nata ne ke fara lalacewa, ba da gangan ba, don hannunta ba na sana'a ba ne. Sai ta ce, "To, ga tawa ta mutu. Wa zai gaya mini abin da ya kashe ta?"

Tabarau ba ta koma ajin ba a wannan shekarar. Amma yayanta ba ya zuwa da wuri, don haka ita ma ta dawo baranda, kusa da ni. Da farko ba ma magana. Rannan ta ga ina saƙa igiyar tsalle da ledoji, ta ce in koya mata. Ta kasa, ta sake kasawa, ta dube ni a tsorace. Na ce, "Ke, ni sai da na ɓata ledoji buhu guda." Tun daga nan muka ƙulla ƙawance, har yau kuma muna tare. Umma tana ganin mu ta taga, ba ta taɓa kiran ɗayanmu ba.

Da shekara ta zagayo, Umma ta roƙi hedimasta a bar ƙofar siton a buɗe sau ɗaya a wata, duk yaron da ke so ya shigo. Ya ce tsarin bai ce haka ba. Ta ce tsarin bai hana ba. Ya gaji ya ƙyale ta. Tabarau ce ta fara shiga, ta ja hannuna. Ni na ɗan ja aji kafin in bi ta, saboda har lokacin da sauran fushi a raina.

Umma ta riƙe ajin har ta yi ritaya. Cikin yaran wasu sun yi nisa a karatu, wasu sun tsaya a hanya. Rediyo, da kowa ya ɗauka zai zama wani babba, ya bar makaranta da mahaifinsa ya rasu, yanzu gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Duk lokacin da Umma ta bi ta wajen sai ya taso ya karɓi jakarta, yana zuba kamar da. Ta taɓa ce mini, "Laraba ɗaya a mako ba ta riƙe yaro, Auta. Na so a ce ta iya."

Yanzu idonta ya yi rauni, ba ta fita sosai. Kwanan baya wata matashiyar malama, wadda ta gaje ta a ajin, ta zo gaishe ta. Ta yi kwas na musamman kan irin waɗannan yara, ta san abubuwan da Umma ba ta taɓa ji ba, Umma kuwa ta tsare ta da tambaya kamar ɗaliba. Malamar ta ce an yi wa ɗakin fenti, an sa fanka, har kwamfuta an kawo.

"Masha Allah," in ji Umma. "Yara na taɓa ta?"

"Hedimasta ya ce a rufe ta da ƙyalle, Mama, kada su lalata."

Umma ta yi dariya har da tari. Ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa, sannan ta gyara zama, ta matso kusa da ita, ta fara koya mata yadda ake shawo kan hedimasta.