Shitu Giginya da Layin Maki Uku

Shitu, wanda aka fi sani da Giginya saboda tsawonsa, ya rasu ranar wata Talata a tsakiyar daminar bana, yana da shekara talatin da uku. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ni ne Buba mai walda a bakin titin Tiga. Tare muka tashi da shi, kuma ina so in faɗi abin da idona ya gani kafin mutane su gyara labarin.

Iyayenmu suna cikin waɗanda ruwan dam ya ci garinsu aka dawo da su nan. Mahaifinsa masunci ne, don haka tun yana ƙarami Shitu ya iya jefa birgi, wato ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a sama kafin ta sauka kan kifi. A bayan unguwarmu akwai wani tsohon daɓen siminti da ba mai shi. Ina koyon walda na lanƙwasa rodi na yi zobe, muka kafa a jikin dogon ƙarfe, shi kuma ya saƙa masa raga da zaren kamun kifi. Kwandonmu na wasan ƙwallon kwando ke nan. Shitu ba ya son matsawa kusa. Daga can nesa yake tsayawa ya saki ƙwallo a hankali kamar yana jefa birgi, sai dai ka ji raga ta ce fas.

"Guntu, ɗauko mini," haka yake ce mini, don ni a haƙarƙarinsa na tsaya.

Koci Mudassir, mai horar da wani kulob na ƙwallon kwando a Kano, ya zo sayen kifi wata Asabar, ya ga saurayi yana sunkuyawa kafin ya shiga rumfa. A ranar ya je ya durƙusa gaban mahaifin Shitu. Ya ce za a ba yaron ɗaki da albashi, kuma shi ne ubansa a birni.

Ni na raka shi atisayen farko. Ƙwallo na zuwa hannunsa a bayan layin nan mai lanƙwasa, inda in ka jefa daga can ake ba ka maki uku, ya sake ta. Ta shiga. Na yi tsalle ina ihu. Koci ya busa usur.

"Kai dogo, wa ya aike ka can?"

"Yallaɓai, ai ta shiga."

"Ban tambaye ka ba. Mutum biyar ne a fili, kowa da gurbinsa. Lamba ɗaya shi ke kawo ƙwallo ya raba, biyu da uku su ke jifa daga nesa, huɗu mataimakinka ne. Kai lamba biyar ne, senta. Gidanka ƙarƙashin kwando. Duk wadda ta ƙi shiga ka cafe, duk wanda ya zo sakawa ka tare shi. Na ƙara ganin ƙafarka a bayan layin nan, zagaye goma."

Sau uku ya yi zagayen nan a watan farko, daga nan hannunsa ya daina. Shitu mutum ne mai biyayya, irin wanda in babba ya ce masa zauna ba ya duba ko akwai tabarma.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin kwandon nan. A can aka fasa masa haƙorin gaba da gwiwar hannu. Yatsunsa biyu suka karkace har zobe ba ya shiga. Sun ci kofi sau biyu, kuma duk ragar da ke rataye a kwandunan kulob ɗin shi ya saƙa ta, kyauta. Ya gina ɗaki biyu a gidansu, ya auri Muhsina 'yar Bebeji. Da ta haifi ɗan fari, bai yi shawara da kowa ba ya sa masa Mudassir. Na ce, "Giginya, ni da na yi maka zobe fa?" Ya yi dariya ya ce, "In an haifi guntu a sa masa Buba."

Shekara biyu da suka wuce aka tura Koci kwas na mako uku a ƙasar waje. Ya dawo da sabon tsari, wanda 'yan wasa suka raɗa wa suna kowa-ko'ina. Babu lamba ɗaya, babu lamba biyar. Kowa ya iya tafiya da ƙwallo, kowa ya iya jifa daga nesa, kowa ya iya tsare kowa. Ba zan yi ƙarya ba, na kalli manyan wasanni a gidan kallo, na ga haka duniya ta koma. Dogon da ba ya fita waje, sai a janye shi a bar shi yana haki a tsakiyar fili. Ban ƙi tsarin ba. Abin da aka yi da abokina ne ya tsaya mini a wuya.

Ranar da aka liƙa sunayen 'yan wasan sabuwar kaka a allo, Shitu ya duba daga sama zuwa ƙasa sau biyu. Sannan ya shiga ofis.

"Baba Koci, ban ga sunana ba."

"Shitu, wasa ya canza. Ba ka iya jifa daga nesa ba."

"Ai kai ka hana ni."

"Wancan lokaci daban. Je ka koya. In kana saka bakwai cikin goma, ka zo bayan babbar sallah. Gurbinka yana nan, na yi maka alkawari."

Ya dawo Tiga da jakarsa ɗaya. Mutane suka fara cewa an kore shi, shi kuwa yana cewa hutu ne. Muka share tsohon daɓenmu, na sake walda zoben, muka auna da tef, ya ja layin maki uku da ragowar farin fentin ƙofofi na shagona. Da safe ya shiga ruwa da kwalekwalen mahaifinsa, da la'asar mu haɗu. Ranar farko cikin goma ɗaya ta shiga. Ya kalli karkatattun yatsunsa ya daɗe.

"Guntu, hannun ya manta da ni."

"Kai dai jefa. Kifi ma ai ba su san ka ba yanzu."

Wata takwas muka yi. Ni ke bin ƙwallo cikin gonar albasar maƙwabta ina shan faɗa. Muhsina kan aiko da kunun zaƙi ta ce a gaya wa manyan 'yan wasa tuwo ya huce. A hankali hannun birgi ya dawo. Kafin azumi yana saka biyar, kafin layya yana saka takwas.

Kwana biyar bayan sallah muka shiga mota zuwa Kano. Shitu ya ɗaure wa Koci busasshen kifi a kwali. Koci ya karɓa, ya ce masa bismilla, ya koma gefe da waya a kunne. Shitu ya tsaya bayan layin da aka taɓa sa shi zagaye saboda shi. Sababbin 'yan wasan suka daina abin da suke yi suna ƙirgawa da ƙarfi. Takwas cikin goma. Duk wannan lokaci Koci ya ba mu baya, yana dariya da wanda ke wayar. Da ya gama ya juyo.

"Kun gama? Ai Shitu, an rufe rajistar 'yan wasa tun kafin sallah. Sai dai baɗi."

Wani ma'aikacin kulob ya gaya mini a bakin ƙofa cewa ranar rufewar an san ta tun kafin a liƙa sunayen nan a allo. Wato ranar da Koci ya ce masa ka zo bayan sallah, ya san abin da yake faɗa.

A hanyar komawa, mun zo wajen Bagauda ke nan Shitu ya juyo gare ni. Gwiwoyinsa na tokare da kujerar gaba, ya ce, "Guntu, da ya kalla ya ce ban iya ba, da na huta."

Bai ƙara taɓa ƙwallo ba. Ya koma kifinsa. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi bayan shekara guda, kuma ban ɗora wa kowa wannan ba, kwana ne ya ƙare.

Ranar uku Koci ya zo ta'aziyya. Bayan addu'a ya ce wa dattawa ba a taɓa yin senta kamar Shitu ba. Ya ce bana an yi ta cin su saboda babu mai tsayawa ƙarƙashin kwando, har yana shirin kiransa ya dawo gurbinsa. Dattawa suka ce Allahu akbar.

Na ce, "Yallaɓai, zo ka ga wani abu."

Na kai shi daɓen. Ruwan sama ya wanke rabin layin, amma a bayansa akwai wurare biyar da siminti ya yi santsi, inda ƙafafun Shitu suka tsaya wata takwas.

Ya duba ya ce, "Ashe da gaske ya ɗauki maganar?"

Na ce, "Duk maganar da ka taɓa faɗa masa da gaske ya ɗauke ta."

Ya duba agogo, ya ce hanya da nisa.

A aljihuna akwai raga sabuwa. Muhsina ce ta ba ni da safen nan, ta ce ta same ta a jakarsa, ya saƙa wa kulob tun kafin tafiyarmu Kano bai bayar ba, in Koci ya zo in miƙa masa. Na raka shi har mota, hannuna a kanta, ban fitar ba. Da la'asar na ɗauko tsani daga shago na rataye ta a zobenmu.