Ranar Da Muka Sunkuya Wa Numakura

Kafin kasuwar kifi ta buɗe, Hisao Numakura ya riga ya ɗaure gwiwarsa ta hagu yana gudu a bakin teku. Tun yana saurayi yake tsare wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu baya a rukuni na biyu, har furfura ta leƙo masa. Ni nake kaɗa ganga a ɓangaren magoya baya, saboda haka da idona na ga abin da zan faɗa.

A nan idan aka ci mu, 'yan wasa kan jeru gabanmu su sunkuya, mu kuma mu zazzage musu ta cikinmu. Yaran sai su ɗan duƙa su sulale. Numakura kuwa tsayawa yake yi a sunkuye. Ranar da muka kusa faɗawa rukuni na uku, dusar ƙanƙara na zuba, ana zaginsa kan ƙwallon da ba shi ya bari ta wuce ba, bai ɗago ba sai da bayansa ya yi fari fat.

Hisao, kai ne katangar da ba a ɗaukar hotonta. Wasu su yi ɓarna, kai ka sha zagin.

Abu ɗaya ya taɓa cewa yana so. Idan ɗan wasa zai ajiye takalmi, abokansa kan ɗaga shi su yi ta cilla shi sama. Ya taɓa ce wa Iya Tokie mai sayar da taliya a ƙofar fili, "Iya, sau ɗaya dai in kalli sama, na gaji da kallon ciyawa."

To ku ji abin da shugabannin ƙungiya suka yi ranar Lahadi, ranar da ya ajiye takalmi. Sai suka haɗa sallamarsa da ta wani yaro da ya buga mana kaka ɗaya zai tafi Turai. 'Yan jarida suka cika fili daga Tokyo. Yaron aka cilla sama. Numakura fa? Furannin yaron aka ba shi ya riƙe. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Wannan wulaƙanci ne, ba shi da wani suna.

Da fili ya watse ya tako gabanmu shi kaɗai, ya fara sunkuyawa yadda ya saba.

Iya Tokie ta ce, "Kai Hisao, wa ya ce ka duƙa? Miƙe. Duk mun tsufa, mu cilla ka ƙugu ya tsinke? Ɗaga kanka sama ka tsaya nan."

Na ajiye makaɗi. Masunta, tsofaffi, duk wanda ya taɓa ɗaga masa murya, muka sunkuya. Da na saci kallo, kansa na sama, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Mun gode, Hisao. Ku kuma yaran da za ku gaji rigarsa, ranar da aka ci ku kada ku sulale, ku tsaya inda ya tsaya.