Yakuwar da Aka Ɗaura wa Bandeji

Ina bakin aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wata Talata a tsakiyar Nuwamba, wayata ta shiga ƙara a aljihu. Ban ɗaga ba, domin jinin wani ne a gabana. Sai a karo na uku na tuɓe safar hannu na fita baranda. Laraba ce, nas ɗin da suke gida ɗaya da Yaya Rifkatu a unguwar Mansura, nan Doha. Ta ce, "Anti Jummai, Mama ta rasu." Yaya ta dawo daga aiki da safe, ta ɗauki bokitin ruwa za ta hau saman bene. A matakala aka same ta zaune, ta jingina da bango, bokitin yana gefenta, ko ɗigo bai zube ba.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini haushi ne, ba kuka ba. Matar da ta yi shekara talatin tana aikin nas, tana sauraren zuciyar mutane, ta ɓoye mana ciwon tata zuciyar. Maganin da take sha, a gwangwanin da muke zaton na yis ne aka same shi. Ta ji tsoron kada a sani a ce ta gaza, a sallame ta. Na fahimci dalilinta, amma har yau ban huce ba.

Ba mu haɗa jini ba. Ni 'yar Zariya ce, ita daga kan tudun Filato ta fito, ta girme ni da shekara goma. A coci muka haɗu shekarar da na zo Doha. Ina ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini Farfesa, saboda ba na karɓar magana sai na ga inda aka rubuta ta. Shekara bakwai muna jayayya, kuma rabin jayayyar a kan lambunta ne.

Lambun bokitan fenti ne goma sha biyu a saman benen gidan hayarsu, da wani tsohon zanin gado da ta kafa ya zama inuwa. Ruwan da take ba su, wanda ke ɗiga daga esi ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ta sa roba a ƙarƙashin kowane bututu, har na maƙwabta, tana tarawa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni lokacin shukarta. Duk mai hankali a garin nan sai zafi ya karye, wajen Oktoba, yake shuka. Ita kuwa a Agusta take binne irin yakuwarta, lokacin da ƙarfen matakala ke ƙona tafin hannu.

Na ce mata, "Yaya, nan ba Filato ba ne. Kina bin damina a garin da ba a ruwa."

Ta ce, "Farfesa, ke ki shuka taki da littafi, ni in shuka tawa da wauta. Mu haɗu a kaka."

Na karɓi ƙwayar iri biyar a hannunta, na shuka a Oktoba a barandata, da takin kanti da ma'auni. Suka fito lafiya. Ba su kai taƙi ɗaya ba suka yi fure, kowace ta ba da zoɓo biyu ƙanana, suka tsaya. Nata kuwa sun kai ni kafaɗa. Sanda ja, jijiyar ganye ja, zoɓon kuwa jan nan mai duhu da ya kusa zama baƙi. A garin da komai launin ƙasa ne da gilashi, saman benen nan kaɗai ke sauya kala.

Abin ya hana ni sakat, na shiga bincike. Ashe yakuwa ba sanyi take jira ba, ba kuma ruwa ba. Tsawon yini take aunawa. Da rana ta fara gajarta sai ta yi fure, ko ta girma ko ba ta girma ba. Wanda ya makara da shuka, jaririya za ta haifa masa. Na ruga na gaya mata, ina ɗoki kamar ni na ƙirƙiro abin. Ta saurare ni har ƙarshe tana tankaɗe fulawa, sannan ta ce, "To, ashe ita ma tana ƙirga kwana kamar mu." Ta ƙara da cewa, "Garin nan ba shi da kaka, shi ya sa na kawo masa tawa."

Ranar da zoɓo na farko ya yi ja, ranar take kunna obin. Ba ta duba kalanda. Burodin kabewa take gasawa: ta dafa kabewa ta murje, ta haɗa da fulawa da yis da citta da ɗan kanumfari, ta dafa zoɓo da sukari har ya yi kauri a riƙa shafawa. Gwangwanin madara ne ma'auninta, bayan hannunta ne ke gaya mata zafin wuta. Sau uku ina zama da biro da takarda.

"Kabewar nawa?"

"Daidai."

"Yaya, daidai ba adadi ba ne."

"To ki rubuta: har sai ƙullun ya daina gardama. Ke dai ba za ki gane wannan ba."

Burodin ba nata ba ne. Takan naɗe shi a takarda ta bi 'yan ƙasarmu da shi: direbobi, masu gadi, 'yan matan da suka zo sabo suna kukan gida. Ba ta tambayar inda mutum yake ibada. Takan ce, "Wanda ya ci ya san shekara ta juyo."

Sai a shekara ta huɗu ta gaya mini asalin irin. Na mahaifiyarta ne. Lokacin da rikici ya tashe su daga ƙauye, ba wanda ya tsaya ɗaukar gurguzu, wato ƙwayar yakuwa. Wanda ya rage shi ne ɗan ƙullin da tsohuwar ta sa mata a jaka ranar da za ta taho nan. Na kasuwa akwai, amma ba wannan mai duhun ba. Kowace shekara takan zaɓi tushe ɗaya mafi ƙarfi, ta ɗaura masa farin bandeji, ba a taɓa shi har ƙwanson ya bushe. Kuma ba ta ajiya. Abin da ta shuka ta shuka, sauran ta raba, yawanci ga mutane irina da ke kashe shi. Na sha yi mata faɗa a kan haka. Bana ta yi alkawarin za ta kai wa 'yarta Na'omi idan ta je Kirsimeti.

Washegarin rasuwar na isa Mansura da hantsi. Tun daga matakala na ji ƙamshin zoɓo da citta. Matan zumuntar coci sun cika kicin, babbar tukunya tana tafasa. Masu gaisuwa sun yi yawa, ana bukatar abin sha, ga zoɓo kuma a sama. Na hau da gudu. An tsinke komai. Ɗanyen ƙwanso kore, wanda bai nuna ba, an tara shi a leda za a zubar. Na ƙirga bokitai, goma sha ɗaya. Mai bandejin babu ita.

Abin da na faɗa wa matan nan ba zan maimaita shi a rubuce ba. Mama Asabe, shugabar zumunta, wadda ta haife ni a shekaru, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Jummai, mun yi ne don a sha a yi mata addu'a. Wa ya gaya mana?" Gaskiyarta. Ni kaɗai na sani, kuma ina can ina fushi da gawa maimakon in zo da wuri.

Na sauko ban san inda zan nufa ba. A ƙofar gida, a inuwar shagon mai wanki, na ga Malam Idi zaune a kan kujerar roba. Dattijo ne mutumin Gumel, yana gadi a unguwar Nu'aija, shi yake taya Yaya kai ƙasar shuka saman bene duk shekara. Bokitin yana tsakanin ƙafafunsa, yakuwar ta fi kansa tsawo, bandejin yana nan.

Na ce, "Malam Idi, me ya kawo wannan nan?"

Ya ce, "Sista, gaisuwa na zo. Na ga mata suna hawa da kwanuka, na bi su. Na ce musu wannan ta iri ce. Wata ta ce mini, yalla Baba, matsa. To ni ba na jayayya da mata a gidan makoki. Na sungumo ta."

"Ta gaya maka ne?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan babansa. "Sai an gaya mini? Abin da manomi ya ɗaura wa ƙyalle ai ba na ci ba ne. Kalas, magana ta ƙare."

Hawa huɗu ya sauko da ita, da gwiwarsa mai ciwo, kuma tun safe yake zaune yana jiran wanda ya san darajarta. A nan, a gaban shagon mai wanki, na yi kukan da na kasa yi tun jiya.

Gawar ta riga irin tafiya gida. Yakuwar ta yi mako uku a barandata, ina duba ta safe da yamma kamar mai jinya, ban san ko wahalar saukowa ta kashe ta ba. Ranar Asabar da ta wuce ƙwanso na farko ya tsage da kansa. Na murza a tafin hannu, gurguzu ya zubo, baƙi, mai tauri, cikakke. Na raba uku. Kashi ɗaya Laraba za ta kai wa Na'omi. Ɗaya yana wurin Malam Idi, domin na koyi kada a tara iri a hannu ɗaya. Ɗaya yana wurina.

Na gasa burodin ma, da abin da na iya tunawa. Na kai wa Mama Asabe na farko, na durƙusa na nemi gafara. Na kai wa Malam Idi na biyu. Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, ya ce, "Sista, Allah ya ba da lada. Baɗi a ƙara kabewa." Har yanzu ban san nawa ne daidai ba, kuma wadda zan tambaya ta tafi da amsar.

Ubangiji Allah ya ji ƙan baiwarsa Rifkatu, ya gafarta mata kurakuranta, har da wannan ɓoyon da ta yi mana, ya ba ta hutu a wurinsa. Ya ta'azantar da Na'omi da ƙannenta, ya zama musu uwa da uba, ya ba su ƙasar da za su shuka abin kakarsu cikin kwanciyar rai. Ya saka wa Malam Idi da alheri, ya ba matan zumunta ladan niyyarsu. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, ya kai ni Agusta da rai da lafiya. Na riga na sa roba a ƙarƙashin esi. Amin.