Jerin Lodin Ranar Juma'a

Ƙarfe tara na safiyar wata Asabar aka kashe tsohuwar manhajarmu. Mu huɗu ne a ofishin sito, bayan Kasuwar Singa: Alhaji mai wurin, da direbanmu, da ni, da wata mai shagon kwamfuta daga Sabon Gari da ta zo sa mana sabuwa. Kamfanin da ya yi tsohuwar ya daina kula da ita.

Aikina fitar da jerin lodi. Kowace safiya nakan tambayi kwamfuta kantunan da suka yi odar kaya, ta jero min su. Tambayoyin nan ni na haɗa su a hankali cikin shekaru, na adana. Babbarsu ita ce ta Juma'a. Ranar Juma'a Fagge ake fara kai wa kaya, kafin a tare hanya don salla, sannan a wuce Sabon Gari. Don haka kayan Sabon Gari ake fara lodawa can ciki, na Fagge su zauna a bakin mota.

Na ce, "Madam, tambayoyina fa?"

Ta ce, "Baba, bayananku duk sun ƙaura. Tambaya kuwa sai an sake rubutawa, yaren wannan daban ne."

Direba ya kwashe da dariya. "Malam, kai da tsohuwar tare za ku yi ritaya."

Alhaji ya ce, "Ai za ka koya."

Da farko na nemo inda ake rubuta tambaya. Sannan na rubuta, sabuwar ta ƙi karɓa. Na kira Madam, ta ce sai wani makon. Ban ga laifinta ba, sawa aka ce ta yi, ba koyarwa ba.

Juma'a ta zo, na fitar da jeri yadda sabuwar ta tsara shi da kanta, ya fito bisa haruffan sunayen kantuna. Na roƙi Alhaji ya bari in gyara da hannu. Ya ce mota ta makara, a bi takarda. Masu lodi suka bi. Da aka isa Fagge, kayansu na ƙarƙashin katan-katan na Sabon Gari. Kafin a sauke a zaƙulo su, an shimfiɗa tabarmi a titi, masu kanti sun rufe. Motar ta tsaya a rana har aka idar.

Da yamma Alhaji ya ce, "Kai ka fitar da jerin?" Na ce ni ne. Ya juya ya tafi. Ranar Litinin aka mayar da ni ƙofar sito ina duba katan, aka ba kujerata ga wani da ya iya yaren sabuwar. A tsaye, a bakin ƙofa, mutumin ya tambaye ni tsarin Juma'a, na gaya masa, ya je ya rubuta. Har yau da wannan tsarin ake lodi, ni kuma ina ƙofa.

Mai karatu, in kai ke da iko a wurin aikinku, kada ka bari a kashe tsohuwar manhaja sai wanda ke aiki da ita ya rubuta tambayoyinsa a sabuwar, ya ga sun fito daidai.