Tsummokaran Baba Mai Makulli

Tun ranar Talata ban ci abinci na ƙoshi ba. Da na ɗauki cokali sai in tuna buhun nan mai bargo a ciki, in ajiye cokalin. Na zauna in rubuta labarin Baba Mai Makulli ne saboda a wurin aikinmu an fara ba da shi a karkace.

Gidan na ƙungiyar unguwa ne. Akwai ɗakin kwanan maza, da na mata da yara, da kicin inda ake dafa abinci sau biyu a rana, sai wani dogon sito a bayan famfo, inda marasa muhalli ke ajiye kayansu. Wata huɗu ke nan da ɗaukata aiki, da digirina sabo fil, ina rubuta sunayen masu shigowa. Sito kuwa shekara goma sha ɗaya yana hannun Baba.

Ɗan dako ne a da, a tashar mota. Ya yi shekara talatin yana ɗaukar kayan mutane a ka, har wuyansa ya ɗan karkace hagu. Da aka rushe layin ɗakunan da yake haya, a gidan nan ya kwana wata biyar, duk abin da ya mallaka a leda biyu. Wata rana ya dawo daga neman aiki ya tarar ɗaya ta ɓace a sito. Washegari ya tsaya gaban shugabannin ƙungiya ya ce a ba shi makullin siton, ko da ba albashi. Tun daga nan ko allura ba ta sake ɓata ba.

Bai iya karatu ba. Tsofaffin zannuwan gado yake yagawa siri-siri, ya ɗaura wa kowace jaka. Ƙulli ɗaya, mai kayan yana gari yana fafutuka. Ƙulli biyu, yana asibiti, ko shi ko nasa. Ƙulli uku, hukuma ta tsare shi. Jakar da ba tsumma, mai ita ya tafi ke nan. Duk wannan sai ranar Talata na sani. Ni dai a idona datti ne kawai.

Yana ganina da littafi zai ce, "Ɗan Biro, zo ka rubuta wa akwatin nan wasiƙa, mu ga ko zai ba ka amsa."

"Baba, wata rana sai na koya maka rubuta sunanka."

"Sunan nawa ya ɓata ne, ɗana?"

Dokar gidan ta ce duk kayan da suka yi kwana talatin mai su bai sa hannu a takarda ba, a fitar da su. Baba bai taɓa musu da dokar ba, bai kuma taɓa bin ta ba.

Makon jiya aka yi masa aikin yanar ido, ya bar makulli a ofis. Ranar Alhamis Manaja ta kira ni, ta ce masu ba mu tallafi za su zo duba gida.

"Siton can kamar juji. Ka gyara shi, ka manna wa komai lamba. Wanda ya wuce kwana talatin ka ware, mota za ta zo gobe."

Na yi murna, don karon farko ke nan da aka ba ni aiki nawa na kaina. Na ɗauki almakashi na yanke tsummokaran nan kaf, na cika bokiti da su. Na bi takardar sa hannu, na ware jaka goma sha tara. Ɗaya buhu ne mai nauyin tsiya, da wani abu naɗe cikin bargo. Ban buɗe ba. Har taya direba na yi muka jefa shi bayan mota.

Ranar Talata da hantsi wata mai kwana a gidanmu, Maman 'Yan Biyu, ta shigo, ɗaya yaron a bayanta da bandeji har gwiwa. Ruwan zafi ne ya zube masa, ta yi mako shida tana jinyarsa a asibiti. Fuskarta wasai. Wani tela a bakin kasuwa ya ce zai ba ta gefen shagonsa, in ta zo da kekenta kafin Laraba. Kan keken ɗinkin ne kaɗai ta fito da shi ranar da mai gidan haya ya watso musu kaya, shi ta ba Baba ajiya a buhu, kuma wa'adin kwananta a gidanmu ranar Juma'a zai cika.

A ranar Baba ya dawo, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya buɗe sito ya tsaya. Ya daɗe yana kallon lambobina a jere, sannan ya kalli bokitin.

"Ɗan Biro, wa ya kwance min mutane?"

Na fara bayanin doka. Ya sunkuya ya tona bokitin, ya zaro wani tsumma shuɗi mai ƙulli biyu, ya miƙo min.

"Karanta. Ai kai ne mai digiri."

Matar ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin famfo ta ce, "Baba, ai kai ka ce in tafi hankalina kwance."

Muka nufi ofis. Manaja ta ce ita ba ta ga laifin kowa ba, an bi doka, kuma da Baba yana rubuta abu kamar kowa da haka ba ta faru ba.

Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, wadda take riƙe da yaro ana wanke masa ƙuna, da wane hannun za ta zo ta sa miki hannu?"

"Ba ni na kafa dokar ba, Baba."

Muka nemo direban, ya ce tufafi ya zubar a juji, abin ƙarfe kuma ya sauke wa masu sayen tsohon ƙarfe. Likita ya hana Baba shiga rana da ƙura, amma ya ƙi ji. Muka bi wuraren sayen ƙarfe uku a ƙafa, yana dafe da idon. A na uku wani mai guduma ya nuna mana tulin ƙarfe. A can muka ga gangar jikin keken, baƙa mai zanen fure, an fasa ta biyu an kwashe kayan cikin.

"Da jiya kuka zo," in ji mai gudumar.

Baba ya tattara gutsattsarin a gaban rigarsa. Na ce me za ta yi da su? Ya ce, "Kayanta ne. Ajiya ta ba ni."

Ranar Laraba telan ya ba wani wurin. Ranar Alhamis kwamiti ya zauna, ya yaba tsarin lambobi, ya ce daga yanzu ni zan riƙe makulli, Baba ya koma gadin ƙofa saboda idonsa. Na miƙe na ce ni na yanke tsummokaran. Shugaban ya ce in zauna, gaskiyata ta burge shi. Masu sauran jaka goma sha takwas ɗin ba wanda ya tambayi labarinsu, kuma ban san nawa ne masu ƙulli biyu ko uku a cikinsu ba. Baba ya sani, ya ƙi gaya min.

Yau Juma'a. Na cika wa Maman 'Yan Biyu takardar neman ƙarin wata ɗaya tun safe, na kai ofis. Manaja ta fita taro, an ce sai Litinin. Matar tana zaune kan benci da yaranta, an riga an cire zanen gadonta, kuma ƙarfe shida ake rufe ƙofa.