Gansakuka a Tafkin Kifina

Shekarar da na gina tafkin siminti a lambunmu na bayan gida a Getso, na zuba 'ya'yan tarwaɗa, ban sami kwanciyar hankali ba. Ruwa ya yi kore shar, gansakuka ta rufe shi kamar an kaɗa miyar kuka. Da safe sai in tarar kifayen sun taso sama suna buɗe baki, ɗaya ko biyu sun juya ciki fari. Idan aka ci gaba a haka, kafin kaka ba sauran ko ɗaya.

Ba abin da ban yi ba. Na ɗaura rariya a gora ina kwashewa. Na kafa rumfar zana don tare rana. Na rage abinci, na zubar da ruwa na janyo sabo. Kwana kaɗan sai koren ya dawo, har da wani tsami-tsami. Mutumin Kabo da ya sayar mini da 'ya'yan kifin ya zo ya shinshina, ya ce, "Malam, wani abu na shiga ruwan nan wanda ba kai kake zubawa ba."

Shi ke nan, ya kunna ni. Ni dama ba wuyar zargi gare ni ba. Maƙwabcina na gabas ya taɓa neman filin lambun bai samu ba, sai na sa masa ido. Ya gaishe ni, in ce a raina munafuki. Ya tambayi kifi, in ce ya zo jin sakamako. Mai kawo mana taki ma bai tsira ba, haka matata, don ta taɓa cewa tafkin zai tara mana sauro. Wallahi har agwagin unguwa na harara.

Wata safiya ina dawowa daga masallaci na ƙi shiga ɗaki, na laɓe bayan zogale riƙe da gorar, zuciyata na tafasa. Gari ya yi haske sosai kafin ƙofar lambun ta motsa. Ba ta waje ba, ta cikin gida.

Inna ce, mahaifiyata, tana takawa a hankali saboda gwiwa, ƙwarya cike a hannu. Ruwan tsari ne, wanda ake wanke surfen gero da shi. A gidanmu ba a zubar da shi ƙasa, dabba ake ba. Ta yi bisimilla ta juye shi cikin tafkin, ta tsaya tana kallo.

Na fito, na gaishe ta, na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun da ka kawo su. Awaki sun ƙare, wa zan ba?" Ta nuna su da haɓa. "Dubi yadda suke buɗe baki, bayin Allah. Yunwa ce. Kai kuma sai rage musu abinci kake. Namu ba ya isa, har gidajen maƙwabta nake aikawa a tara mini."

Mataccen kifi ɗaya na yawo a gefe, tana kallonsa da tausayi. Na karɓi ƙwaryar na ce, "Daga gobe ki bari ni zan riƙa kawo musu, saboda ƙafarki."

Inna ba ta da saurin magana, amma ba a yi mata wayo. Ta dubi koren ruwan, ta dubi mataccen, ta sake dubana.

"Kai da ba ka taɓa ɗaukar mini ƙwarya ba," in ji ta. Ta karɓi abarta ta koma ciki.

Na canza ruwa a ranar, Inna kuma ba ta sake zuba tsarin ba. Gansakuka ta ja baya, kifayen suka daina tasowa, suka yi ƙiba. Da suka isa ci, matata ta yi farfesu, na zaɓi mafi girma na kai wa Inna da kaina. Ta sa albarka, ta rufe kwanon da faifai, ta ce a ba yara.