Burodin Barsalona na Kawu Tanko

Ranar da na fara sauka Apo, unguwar makanikai, abin da idona ya fara kamawa shi ne Kawu Tanko a teburin shayinsa, ya raba tumatir gida biyu yana dirza shi a jikin gasasshen burodi kamar mai wankin hula. Ku da kuka san shi kun san sauran: tafarnuwa, gishiri, ɗigon man zaitun. Wai haka ake karyawa a Barsalona.

Wata uku kacal ya yi a can, lokacin da yake kuku a gidan wani Bature, amma har ya rasu cikinsa bai dawo Najeriya ba.

Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, na ce, "Kawu, in mijina ya kai ni Barsalona, a ina za mu ci abinci? Wuri mai kyandir a bakin teku?"

"Kyandir za ki ci? Bar babban titi, ki shiga lungun bayan kasuwa. Inda kika ga tsofaffi sun yi layi, to nan ne. Ki ce a ba ki baƙar shinkafa. Dodon koɗi kuwa, ko kuka suka yi miki, ki ce kina azumi."

Su kuwa makanikai ƙwai suke so. Oga Sunday ya buga tebur: "Baba, soya mini uku!"

"Ba na soyawa."

"Ga kasko nan ina gani!"

"Na gasa burodi ne. Tsallaka titi, can ake cutar ciki."

Suka tsallaka kuwa, har da bencinsa ɗaya.

Kai, Kawu! Wata rana ya gasa albasa mai lawashi har ta yi baƙi ƙirin, ya ɗaura tawul a wuya, ya ɗaga kai sama yana zura ta a baki. Inna matarsa ta saki salati, ta ce a kira malami. Ya ce, "Jahilci! A can biki guda ake yi mata."

Tebur ya bushe, saura mutum ɗaya: Lawal mai gyaran wutar mota, kullum da safe yanka biyu. Kawu ya riƙa nuna shi: "Duk Apo mutum ɗaya ne ya waye!" Da Lawal ya aiko neman aurena, ko bincike bai bari an yi ba.

Sai bayan an kai ni ɗaki Lawal ya ce, "Hajara, wallahi na tsani tafarnuwa. Ke nake zuwa gani." Na roƙe shi ya rufa mana asiri. Shekara tara ya ƙara yana haɗiyewa, har Kawu ya koma ga Allah yana ganin ya ci Apo da yaƙi.

Har yau ba mu ga Barsalona ba. Amma jiya da safe na tarar da Lawal a kicin, ga furfura a gemu, yana dirza tumatir a burodi, ba wanda ya sa shi.

"Daina kallona," ya ce. "Tsohon nan ya lalata mini baki."

Allah Ya jiƙan Kawu Tanko, Ya ciyar da shi abin da ko Barsalona ba ta da shi.